Muhawara a kan Sarki Jimmu na Japan: tarihi ne ko tarihihi?

Malam Habu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma ban ga inda ya fi dacewa in kawo ta ba sai nan. Ina koya wa 'yan aji biyar darasi a kan gidajen sarauta da suka daɗe a duniya, sai na ce musu sarkin Japan na yanzu, Naruhito, wanda ya hau gadon mulki ranar 1 ga Mayu 2019, shi ne na 126 a jerin sarakunan gidansu, kuma ana fara ƙidayar daga wani sarki mai suna Jimmu da aka ce an naɗa shi a shekara ta 660 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wane ne ya rubuta ranar a lokacin?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba, sai na ce mata za mu dawo kan batun. To, ga shi na dawo kansa a wajenku. Shin wannan Jimmu mutum ne da ya taɓa rayuwa, ko kuwa suna ne kawai da aka ɗora a saman jerin domin ya yi tsawo?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ka gaida mana ɗalibar nan, domin ta yi tambayar da malaman tarihin Japan suka daɗe suna fama da ita. Amsar a taƙaice ita ce babu wanda ya rubuta ranar a lokacin, saboda mutanen tsibiran ba su fara amfani da rubutu sosai ba sai wajen ƙarni na 5 na Miladiyya, kuma daga Sin ya zo musu ta hanyar Koriya. Labarin Jimmu yana cikin littattafai biyu ne da aka rubuta a fada: Kojiki, wanda O no Yasumaro ya kammala a shekarar 712, da Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720 a ƙarƙashin jagorancin Yarima Toneri. Ke nan tsakanin ranar da aka ce an yi naɗin da ranar da aka sa alƙalami a takarda akwai fiye da shekara 1,300. Shi kansa sunan Jimmu ma ba ya cikin asalin labarin. A littattafan biyu ana kiransa Kamu-yamato Iware-biko, sai daga baya a cikin ƙarni na 8 aka bi sarakunan da suka shuɗe aka raɗa musu sunaye irin na Sinawa, shi nasa ya zama Jimmu, wato mai jarumtaka irin ta ababen bauta.

Nafi'u:
Malama, kafin manya su shiga gardamar gaskiya da ƙarya, ina roƙon a ba mu labarin kansa tukuna, domin da yawa daga cikinmu yau muka fara jin sunan.

Malama Hadiza:
Gaskiyarka, Nafi'u. Zan ba da shi yadda suka rubuta, kuma kowa ya san cewa naƙalto aƙidar wasu ba amincewa da ita ba ne.

Littattafan sun jingina asalinsa ga Amaterasu, abar bautar rana a Shinto, addinin gargajiyar Japan. Suka ce ta aiko jikanta Ninigi daga sama ya sauka a kan dutsen Takachiho a ƙasar Hyuga, a kudancin tsibirin Kiyushu. Ɗan Ninigi ya auri ɗiyar abin bautar teku, ɗansu kuma ya auri ƙanwar mahaifiyarsa, suka haifi 'ya'ya maza huɗu, Jimmu ne autansu. Nihon Shoki ya ce yana da shekara 45 ya tara 'yan'uwansa ya ce musu ya ji labarin wata ƙasa mai kyau a gabas, wadda duwatsu masu dausayi suka kewaye, kuma can ya kamata a kafa mulki. Suka shiga jiragen ruwa suka bi tekun da ke tsakanin tsibiran, suna yada zango a Usa da Aki da Kibi. Tun a nan littattafan biyu suka fara saɓani, domin Kojiki ya ce sun zauna shekara 8 a Kibi, Nihon Shoki ya ce shekara 3.

Da suka sauka a Naniwa, inda birnin Osaka yake a yau, suka nufi Yamato, ƙasar nan da aka ba shi labari, ta ɓangaren yamma, sai wani shugaban mutanen wurin mai suna Nagasunehiko ya tare su a hawan dutse ya fatattake su, kibiya ta sami babban wansu Itsuse. Fassarar da suka yi wa wannan kashi da suka sha ita ce abin da ya fi burge ni a labarin. Suka ce su zuriyar rana ne, bai kamata su yi yaƙi suna fuskantar rana ba, dole su zagaya su ɓullo ta gabas yadda ranar za ta kasance a bayansu. Suka koma ruwa suka kewaye zirin ƙasar Kii, Itsuse ya mutu a hanya saboda raunin, sauran yayyen biyu kuma Nihon Shoki ya ce teku ta tafi da su. A Kumano rundunar gaba ɗaya ta zube a sume, sai wani mutum mai suna Takakuraji ya yi mafarki cewa an jefo masa takobi daga sama ta rufin rumbunsa, ya tashi ya tarar da shi a can, ya kai wa Jimmu, suka farfaɗo. Daga nan aka aiko musu da wani ƙaton hankaka, Yatagarasu, ya shige musu gaba ya nuna musu hanya cikin duwatsun da babu ko turba.

A Uda suka haɗu da wasu 'yan'uwa biyu, Ukashi babba da Ukashi ƙarami. Babban ya gina zaure ya ɗana tarko a ciki, ya gayyaci Jimmu liyafa, ƙanen ya je ya tona asirin. Mutanen Jimmu suka zare takubba suka ce wa mai zauren ya fara shiga da kansa, ya shiga tarkon ya danne shi ya mutu. Ga dai wanda bai haƙa ramin muguntarsa gajere ba. A karo na biyu da Nagasunehiko, Nihon Shoki ya ce wata shirwa mai launin zinariya ta sauka a kan bakan Jimmu tana walƙiya har idanun abokan gaba suka rufe. Bayan an gama yaƙe-yaƙe ya gina fada a Kashihara, a gindin dutsen Unebi, aka naɗa shi a ranar farko ta watan farko, ya yi mulki shekara 76. Nihon Shoki ya ce ya mutu yana da shekara 127, Kojiki ya ce 137.

Alhaji Ɗanjuma:
Malama Hadiza, Allah ya ƙara ilimi. Na karanta labarin nan sau biyu, kuma abin da ya fito mini a ciki ya saɓa da abin da kike son nunawa. A cire hankaka da shirwa da takobin sama, waɗannan ado ne irin wanda kowane mai ba da labarin fada yake yi. Abin da ya rage shi ne wani mutum ya taso daga yamma da jama'arsa a jiragen ruwa, ya yi shekaru a hanya, an ci shi da yaƙi a karon farko, ya rasa yayyensa uku, ya sake dabara, ya shigo ta bayan gida. Ni na daɗe ina sauraron makaɗan fada da masu kirari, ban taɓa jin wanda ya ƙirƙiro wa ubangidansa gudu daga fagen fama ba. Idan aka ga irin wannan a cikin labarin kafa sarauta, to abu ne da ya faru, wanda mutane suka riga suka sani, ba yadda za a yi a goge shi, sai dai a nemo masa hujjar da za ta rufa asiri, kamar wannan maganar fuskantar rana. Ruwa ba ya tsami banza.

Malama Hadiza:
Ranka ya daɗe Alhaji, hujjarka tana da ƙarfi, kuma akwai malaman Japan da suka tafi a kanta. Har zan ƙara maka wata da ta fi taka. Nihon Shoki ya yarda cewa Jimmu ba shi ne ɗan sama na farko da ya isa Yamato ba. Ya tarar da wani mai suna Nigihayahi ya riga shi sauka, har ya auri ƙanwar Nagasunehiko, kuma Nihon Shoki ya ce da aka gwada kibau da kwarin ɓangarorin biyu aka ga duka na gaskiya ne, daga sama suke. Daga ƙarshe Nigihayahi ya kashe surukinsa ya yi mubaya'a. Da wuya fada ta ƙirƙiro wa kanta kishiya irin wannan ba gaira ba dalili.

Amma a duba wane ne Nigihayahi a wajen mutanen ƙarni na 8. Shi ne kakan gidan Mononobe, ɗaya daga cikin manyan gidajen fada. Jaruman da suka tura Ukashi cikin tarkonsa su ne kakannin gidan Otomo da gidan Kume, masu tsaron sarki. Shi kansa hankakan akwai gidan da ya jingina asalinsa gare shi, gidan Kamo. Saboda haka duk inda labarin ya tsaya ya ambaci suna, akwai wani gida da ke zaune a fada a lokacin rubutun, wanda muƙaminsa da gonakinsa suka rataya a kan cewa kakansa yana nan ranar da aka kafa sarauta. Gabatarwar Kojiki ma ba ta ɓoye wannan ba. Ta ce Sarki Tenmu ya koka cewa bayanan asali da ke hannun gidaje sun cika da ƙarya, ya ba da umarni a tace su a tsayar da guda ɗaya. Shi kuwa Tenmu da yaƙi ya karɓi sarauta a hannun ɗan wansa a shekarar 672, kuma daga Yoshino ya taso ya bi ta Uda, wuraren da labarin ya ce Jimmu ya ratsa. Ban ce wannan ya tabbatar da cewa an ɗinka labarin a kan Tenmu ba, amma wanda ya sa a tace labarin yana da buƙata a cikinsa.

Alhaji Ɗanjuma:
Na ji, amma mai buƙata yana iya gyara labari, ba lallai ne ya haife shi ba. To, ita shekarar 660 ɗin fa, daga ina suka samo ta?

Malama Hadiza:
Nan kam, Alhaji, ko masu kare labarin sun sallama. Lissafi ne. Kalandar Sinawa da fadar Japan ta ara tana zagayawa ne duk shekara 60, kowace shekara da sunanta. Masu duban taurari na Sin suna cewa akwai wata shekara a cikin zagayen, wadda Japanawa ke kira kanototori, da ake samun juyin mulki a cikinta, kuma idan zagayen ya cika sau 21, wato shekara 1,260, juyin yakan zama gagarumi. Shekarar 601 ta Miladiyya, a zamanin Sarauniya Suiko, irin wannan shekara ce. Idan aka koma baya da 1,260 daga 601, ana sauka daidai a kan 660 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tunda babu shekarar sifili a ƙidayar. Wani masanin tarihi na zamanin Sarki Meiji, a ƙarshen ƙarni na 19, Naka Michiyo, shi ne ya shahara da wannan bayani.

Da suka kafa turken can nesa, sai ya zama sarakunan da suke da sunayensu ba su isa su cike tazarar ba, dole aka ja shekarunsu kamar ƙirgi. Sarki na shida, Koan, an ba shi mulkin shekara 102. Na goma, Sujin, Kojiki ya ce ya rayu shekara 168. Sarakuna takwas da suka biyo bayan Jimmu, daga na biyu zuwa na tara, kusan babu abin da aka faɗa a kansu sai suna da mata da 'ya'ya da fada da kushewa, har malaman Japan suna kiransu takwas ɗin da tarihinsu ya ɓace. Wani abin lura kuma shi ne an kira Sujin da laƙabin da ke nufin wanda ya fara mulkin ƙasa, kuma Nihon Shoki ya ba Jimmu laƙabi mai irin wannan lafazi. Shi ya sa wasu suke ganin mutum ɗaya ne aka raba biyu, aka tura rabinsa can baya, aka jera takwas a tsakani.

Nafi'u:
Ni wannan ya tuna mini da Bayajidda, baƙon da ya zo daga nesa ya yi bajinta ya auri mai gari.

Malam Habu:
Kamannin suna nan, Nafi'u, musamman zuwan baƙo da auren ɗiyar masu ƙasa, domin na ga an ce shi ma Jimmu bayan ya ci Yamato ya auri Isukeyori-hime, wadda ake jingina ta ga abin bautar dutsen Miwa na wurin. Amma ina roƙon mu bar Daura a Daura, kada zaren ya rabu biyu. Malama, ban da littattafan fada, akwai wata shaida daga waje?

Malama Hadiza:
Akwai, sai dai ba ta goyi bayan Jimmu ba. Tarihin daular Han ta Sin, yana magana a kan wajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce mutanen Wa, wato Japanawa, sun kasu ƙasashe fiye da 100. Wannan kusan shekara 600 ke nan bayan lokacin da aka ce Jimmu ya kafa daula. A shekara ta 57 ta Miladiyya sarkin Sin ya ba wani sarki na arewacin Kiyushu hatimin zinariya, kuma an tsinci hatimin a tsibirin Shika a 1784. A ƙarni na 3 Sinawa sun rubuta labarin Sarauniya Himiko, wadda ta aika musu da jakadu wajen shekara ta 239, alhali Kojiki bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Inda ƙasa ta fara tauri a ƙarƙashin ƙafa shi ne ƙarni na 5. An tono wani takobin ƙarfe a kushewar Inariyama da ke Saitama, a 1978 aka gano rubutun zinariya a jikinsa mai haruffa 115, da shekarar da yawancin masana suka karanta a matsayin 471, da sunan babban sarki Wakatakeru, wanda ake ɗauka shi ne Yuryaku, na 21 a jerin. Wannan sarki mutum ne, ga sunansa a jikin ƙarfe.

Alhaji Ɗanjuma:
To ai kin ba ni abin da nake nema da bakinki. Hatimin zinariya a Kiyushu aka same shi, kuma na san noman shinkafa da aikin ƙarfe ta Kiyushu suka shiga ƙasar kafin su bazu gabas. Ashe ke nan alƙiblar tafiyar gaskiya ce, daga yamma zuwa gabas. Na janye shekarar 660, na janye shekara 127, amma ban janye mutumin ba.

Malama Hadiza:
Alƙiblar gaskiya ce, Alhaji, sai dai shinkafa da ƙarfe ta arewacin Kiyushu suka shiga, gefen da ke kallon Koriya, shi kuwa labarin daga Hyuga ya taso da Jimmu, a kudu maso gabas, yankin da fadar da ke birnin Nara, inda aka rubuta littattafan, take kallo a matsayin bakin iyaka. Wasu na ganin an zaɓi wurin ne saboda sunansa yana nufin fuskantar rana.

Injiniya Sabo:
Salamu alaikum, iyayena da malamaina. Na makara ban shigo da wuri ba. Ni ba masanin tarihi ba ne, amma na yi karatu a Osaka, kuma a 2018 wani abokin karatuna ya kai ni wurin bautar Jimmu da ke Kashihara, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Jirgin ƙasa na Kintetsu muka hau, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Daga tasha ana miƙewa ne a kan titi har zuwa wata ƙatuwar ƙofar katako wadda ba a shafa mata fenti ba, daga nan sai fili mai faɗi da aka shimfiɗe da tsakuwa, ba abin da mutum yake ji sai ƙarar takalminsa. A gefen ginin da ake tsayawa ana ibada akwai wani allo da aka rubuta shekara a jiki. Na tambayi abokina, ya ce an rubuta shekara ta 2678, wato 2018 a haɗa da 660. Da na tambaye shi ko ya yarda da lissafin, sai ya yi dariya ya ce shi ranar 11 ga Fabrairu, ranar tunawa da kafa ƙasa, barci yake yi, tunda ranar hutu ce.

Kushewar da aka ce ta Jimmu ce tana arewa da wurin bautar, ana zuwa da ƙafa ta cikin itatuwa. Ana tsayawa ne a bakin shinge, a hango ƙofofi a jere da wani tudu da itatuwa suka rufe, ba a wuce nan. Hukumar kula da gidan sarauta ce ke riƙe da wurin, kuma ba ta barin a tona kushewun sarakuna. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na koma na karanta, sai na tarar cewa duk abin da na gani sabo ne. Wurin bautar a 1890 aka gina shi. Ita kushewar, an yi ƙarnoni ba a san takamaimai inda take ba, ana jayayya a kan wurare daban-daban, sai a 1863 gwamnatin soja ta gidan Tokugawa, wadda ke riƙe da Japan a lokacin, ta tsayar da wani ɗan tudu a tsakiyar gonakin shinkafa ta ce shi ne, aka gina shi aka kewaye. Daga baya, tsakanin 1917 da 1920, aka tashi wani ƙauye mai suna Hora da ke jikin dutsen Unebi, na mutanen da al'ummar Japan ke ƙyama da ake kira burakumin, har da kaburburansu, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa gidajensu suna kallon kushewar sarki daga sama. Dajin da na ratsa ina sha'awarsa shuka shi aka yi.

Alhaji Ɗanjuma:
Injiniya, sannu da zuwa. Amma a yi adalci, ɓacewar kabari ba ta nufin ba a taɓa yinsa ba.

Malama Hadiza:
A nan ina tare da Alhaji. Nihon Shoki ya ce a lokacin yaƙin 672 an kai dawakai da makamai hadaya ga kushewar Jimmu, ke nan a ƙarni na 7 akwai wurin da ake nunawa a ce nasa ne. Abin da ba za a iya tabbatarwa ba shi ne ko tudun 1863 shi ne wancan wurin, balle a san wanda ke ciki.

Bayanin Injiniya ya kai mu ga rayuwar Jimmu ta biyu, wadda take da ranaku da takardu. Waɗanda suka kifar da mulkin Tokugawa a 1868 sun shelanta cewa za a mayar da komai kan tushen da Jimmu ya kafa. Wannan dabara ce babba, domin wanda ya ce zai koma zamanin da babu wanda ya san yadda yake, ya sami damar gina abin da ya ga dama ya kira shi gado. A farkon shekarun 1870 aka juya ranar naɗin zuwa kalandar Turawa aka tsaya a kan 11 ga Fabrairu, aka mai da ita ranar biki. A wannan rana aka ƙaddamar da tsarin mulkin 1889, wanda sashensa na farko ya ce zuriyar sarakuna da ba ta taɓa yankewa ba ita ce ke mulkin Japan. A 1890 aka ƙirƙiro lambar yabon soja da sunan shirwar zinariyar nan. A 1940 aka yi gagarumin bikin cika shekara 2,600, kuma jirgin saman yaƙin nan na Japan da aka sani da Zero daga sifilin ƙarshen wannan shekara ya samo sunansa. Wata jimla da Nihon Shoki ya sa a bakin Jimmu, a kan rufe kusurwoyin duniya takwas a mai da su gida ɗaya, ita aka sarrafa ta zama taken mamaye maƙwabta, har aka gina mata hasumiya a Miyazaki, wadda a yau ake kira hasumiyar zaman lafiya.

A wannan shekara ta 1940 aka haramta littattafan Tsuda Sokichi, malami a Jami'ar Waseda, saboda ya rubuta cewa labaran sarakunan farko tsari ne na marubutan fada. Ya bar aikinsa, a 1942 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 3 da aka jingine. Malam Habu, ka gaya wa ɗalibarka cewa tambayar da ta yi maka a aji ta taɓa kai farfesa gaban alƙali.

Nafi'u:
To bayan an ci su da yaƙi, me ya sa ba a jefar da labarin ba?

Injiniya Sabo:
An jefar da wani sashe, wani ya dawo. Ranar 1 ga Janairu 1946 Sarki Hirohito ya fitar da sanarwar da ta nesanta shi daga matsayin abin bauta, aka soke lambar shirwa a 1947, aka soke bikin 11 ga Fabrairu a 1948, lokacin ƙasar tana hannun Amurka. Amma a 1966 aka dawo da ranar da sunan ranar tunawa da kafa ƙasa, aka fara hutunta a 1967, kuma dokar ba ta ambaci Jimmu ba. Cikin waɗanda suka yi adawa da dawo da ita har da ƙanen Hirohito, Yarima Mikasa, wanda shi ma masanin tarihi ne, bisa hujjar cewa ranar ba ta da tushe. A bakin talakawa kuwa sunan ya koma ma'aunin daɗewa, shi ya sa bunƙasar tattalin arzikin da suka samu a tsakiyar shekarun 1950 suka raɗa mata sunan Jimmu, suna nufin rabon da a ga irinta tun kafa ƙasa. Gidan sarauta ma bai sake shi ba, domin Naruhito ya je kushewar a watan Nuwamba 2019 ya sanar da hawansa mulki. Kai kuma Nafi'u, tunda na san ka da ƙwallo, ka duba tambarin hukumar ƙwallon ƙafa ta Japan, hankaka mai ƙafa uku da ke riƙe da ƙwallo shi ne Yatagarasu, ko da yake Kojiki da Nihon Shoki ba su ce ƙafarsa uku ba, daga baya aka haɗa shi da hankakan rana na Sinawa.

Malam Habu:
Jama'a, na gode ƙwarai. Yau da safe na koma aji na rubuta 601 a allo, na sa su suka cire 1,260 da hannunsu, kuma da suka ga inda lissafin ya sauka sai ajin ya kaure da hayaniya. Na kuma karanta musu hujjar Alhaji a kan kashin da aka sha a Naniwa, suka rabu gida biyu kamar yadda kuka rabu. Ita dai yarinyar ba ta shiga kowane ɓangare ba. Da aka tashi ta biyo ni har bakin ofis ta ce, idan ba a da tabbas a kan na farko, to daga na nawa ake da tabbas cewa jini ɗaya ne har zuwa na 126?

Malama Hadiza:
Wannan yarinya sai Allah ya raya mana ita. Yawancin masana suna fara amincewa da shekarun mulki daga Kinmei, na 29, a ƙarni na 6. Amma kullin yana wajen mahaifinsa Keitai, na 26. Nihon Shoki ya ce sarkin da ya gabace shi ya mutu bai bar ɗa ba, sai manyan fada suka ɗauko Keitai daga ƙasar Koshi a arewa, suka ce jika ne na biyar ga Sarki Ojin, aka naɗa shi a 507, ya auri ɗiyar tsohon gidan, amma bai shiga Yamato ba sai bayan kusan shekara 20.

Alhaji Ɗanjuma:
Shekara 20 sarki yana zagaye bai shiga garinsa ba? Malama, a buɗe mana zare na musamman a kan wannan Keitai, ina da tambayoyi.